Sawun Yatsu Huɗu a Bangon Zaure

Litinin: Kano zuwa Daura

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, jakar kyamara a kafaɗa, ƙullin kaya a hannu. Maiɗakina Saude ta biyo ni har bakin ƙofa tana tambayata a karo na uku wai me zan je ɗauka. Na ce mata bango. Ta ce bangon wa ya yi aure? Ni kaina a lokacin ban gama gane abin da zan je yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, shekara ashirin da biyu ina sana'ar hoto a Kano. Fasfo, biki, suna, walimar sauka, duk na sha su. Da waya ta kwashe mana ciniki, ƙungiyarmu ta masu hoto ta gayyato wata malama ta yi mana bita ta kwana uku. Ranar rufewa ta ba mu aiki: kowa ya kawo hoto goma, kada a ga fuskar mutum ko ɗaya. Layi take so, da siffa, da abin da ta kira jikin abu, wato kaushinsa ko santsinsa, yadda in mutum ya kalli hoton zai ji kamar ya kai hannu ya shafa. Na ɗaga hannu na tambaye ta, in babu mutum a ciki, wa zai zo ya karɓa? Aka yi mini dariya. Ta ce in je in buɗe ido kawai, abin yana nan a tsakar gidan kowa.

Kwana biyu kaina a ɗaure, sai bangon zaurenmu na garinmu, Babban Mutum, ya faɗo mini a rai. Mahaifinmu magini ne, shi ya yi yaɓen cikin zauren da hannunsa. Ƙaramin yatsansa na dama a lanƙwashe yake tun yana yaro, ba ya miƙewa, don haka duk inda ya ja ƙasa layi huɗu yake bari, ba biyar ba, suna lanƙwasa kamar bakan gizo, wani kan wani har sama. Shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa. Abin kunya kuma, ni da na ɗauki fuskar mutanen da ban san iyakarsu ba, ba ni da hoton mahaifina. Kullum ina cewa sai na zo da Sallah, shi kuma yana cewa hoto na masu tafiya Makka ne. Guda ɗaya da aka taɓa yi masa na jikin kati ne, shi ma gara ta cinye. Wannan bango shi kaɗai ya rage da ke da sawun jikinsa a duniya, kuma na ji labarin rufin ya fara yoyo, ga damina tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar Lahadi na buga wa yayana Isiya waya, wanda ke riƙe da gidan, na ce masa ina nan tafe ranar Laraba zan ɗauki hoton zauren Baba, za a kafa shi a Kano jama'a su gani. Ya ce madalla, Allah ya kawo ni lafiya. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan.

Na yi sallar asuba a tasha, na samu ƙaramar mota mai cin mutum bakwai, aka cusa mu tara. Ƙarfe shida da minti ashirin muka ɗaga. Da hanyar Ɓaɓura na bi, da kafin azahar ina gida, amma na ce bari in zagaya ta Daura da Zango in tara sauran hotuna tara, in bar na Baba ya zama na rufewa. Mun wuce Dambatta bakwai da rabi, muka tsaya Kazaure minti goma direba ya ƙara ruwa, ni kuma na sayi ƙosai mai zafi a takarda. Direban ya ga jakata ya tambaya ko bikin wani babba ake yi a Daura. Da na yi masa bayani, ya kalle ni ta madubi ya daɗe, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu.

Daura

Ƙarfe tara da minti goma muka shiga Daura, tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai. Na sauka a gidan Malam Sani tela, abokina tun muna haya ɗaki ɗaya a Kano kafin ya koma gida. Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, na sha har na ji gumi ya tsaya, sannan na ce masa kasuwa zan shiga. Ya rufe shago ya ce ba zai bar baƙonsa ya yi yawo shi kaɗai ba. Na so in hana shi, kunya ta hana ni.

A layin masu tukwane na fara ganin abin da malama take nufi, ko dai na zaci na gani. An jibge tukwane baki a ƙasa, gindi a sama, wani kan wani, wasu ja wasu da baƙin wuta a gefe, ƙura ta kwanta a kansu. Na durƙusa ina saita kyamara. Malam Sani ya riga ni, ya ce wa mai tukwanen ga babban mai hoto daga Kano, kayansa zai ɗauka. Kafin in buɗe baki dattijon ya zabura, ya ciro tsumma ya hau goge tukwane, ya ware masu baƙin wuta ya tura su bayan rumfa, ya jera jajayen guda shida a layi kamar 'yan makaranta. Sannan ya gyara hula ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙirji. Na ce masa Baba, tukwanen nake so yadda suke ɗazu. Ya ce haba, yadda suke ɗazu ai ba a gyara ba. Na ce to ko zai ɗan matsa gefe? Fuskarsa ta canza, ya tambayi Malam Sani ko wani laifi ya yi. Dole na ɗauke shi, ya yi kyau ƙwarai, amma ba abin da ya kawo ni ba ke nan.

Haka aka yi wajen mai tabarmi. Nadaddun tabarmin a jingine, bakinsu yana zagaye kamar katantanwa, na ce alhamdu lillahi ga siffa. Mutumin ya warware su duka ya shimfiɗa don in ga ba su da huji. Wajen mai igiya ma haka. Wata tsohuwar ƙofa na gani a wani lungu, katako ya tsattsage, ƙusoshi sun yi tsatsa, na tsaya. Mai gidan ya fito ya roƙe ni don Allah in dawo jibi, ya riga ya sayi fenti. Da la'asar ta yi ina da hoton mutum goma sha huɗu, kowa ya ƙame yana kallona, ba ni da na malama ko ɗaya. Malam Sani kuwa murna yake yi, wai aiki ya yi albarka.

Da muna cin tuwon dawa da miyar kuka bayan magariba na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce tsagewar nan da tsatsar nan su ake nema. Ya ajiye loma ya ce shi fa bai gane ba: mutum ya zo da kyamara mai tsada, ya bar abu mai kyau, ya bi lalatacce? In wani ya zo shagonsa ya ɗauki hoton ƙyallayen da ke ƙasa ya bar rigunan da ya ɗinka, ai cin fuska ne. Ni ma rabin zuciyata tana bayansa.

Talata: Daura zuwa Zango

Da sassafe na fito alwala na tarar matarsa ta share tsakar gida. Tsintsiya ta bar sawu a kan rairayi, zane a lanƙwashe, wani yana hawa kan wani, rana ta ɗan leƙo ta kan katanga ta cika kowane layi da inuwa. Sak yaɓen Baba. Na ruga ɗaki na ɗauko kyamara, na tsaya sauya batir, ban fi minti biyu ba. Ina fitowa na tarar Malam Sani ya yayyafa ruwa a wurin, ya shimfiɗa darduma, ya ɗora koko da ƙosai, yana cewa bismilla. Na tsaya da kyamara a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Baƙo ba ya faɗa da mai masaukinsa a kan shara, na zauna na sha koko.

Ƙarfe takwas da rabi na yi masa sallama, na ce yau kam ya buɗe shagonsa. Na hau motar Zango, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, kilomita ashirin da wani abu. Gonaki duk an share, an tara kara an ƙone, tsofaffin kunyoyin bara suna kwance a jere suna jiran ruwa. Zafi kuwa tun da safe ya fara nuna hali. Na sauka na ɗauki ɗan acaɓa na wuni, wani magidanci mai suna Ilu, na kafa masa sharaɗi ɗaya: duk inda muka je kada ya ce wa kowa komai. Ya ce an gama. Wurin farko da muka tsaya, bakin wata danga ta zana, ya yi sallama da ƙarfi ya ce ga ma'aikaci daga Kano ya zo duba danga. Mai gidan ya fito a firgice yana rantsuwa bai ci hanya ko taku ɗaya ba.

A bayan gari muka iske masu tubali a bakin kududdufin da ya ƙafe. Tubala ɗaruruwa a jere suna shan rana, kowanne da sawun tafin wanda ya mulmula shi. Wannan karon na yi dabara. Na gaishe su, na zauna a inuwa kamar mai hutawa, har suka manta da ni. Wajen sha biyu na ɗaga kyamara na ɗauka. Na duba, ba komai, ƙasa ce kawai ja a shimfiɗe, ko sha'awa babu. Na sake, haka. Na goge gilashi, na zargi kyamara, na zargi malama, na zargi kaina da na baro shagona.

Babbansu, wani dattijo mai farin gemu da laka har gwiwa, ya leƙo ya ga abin da na ɗauka. Ya ce ai yanzu ba a ganin tubali, rana tana tsaka, ta shanye inuwa. Shi in yana son ya gane wanda ya tsage, sai la'asar sakaliya yake zagayawa, lokacin da rana take dukansu ta gefe. Wallahi abin da malama ta yi awa guda tana faɗa da allo ke nan ban fahimta ba. Muka tafi na ci dambu da zogale a wata rumfa, na yi azahar, na yi la'asar, muka dawo biyar saura. Sai ga tubalan sun tashi, kowanne da inuwarsa a gefe, sawun yatsu ya fito raɗau. Na ɗauki wajen talatin ban tsaya ba. A hanyar komowa na samu zana, na samu gindin rumbu, na samu tsagewar ƙasar kududdufi. Ilu yana riƙe da babur yana girgiza kai, ya ce shi dai a biya shi.

Dattijon tubalin nan ya faɗi wata magana da ban ba ta muhimmanci ba sai daga baya. Ya ce bana ciniki ya yi kyau, ko'ina gyaran gida ake yi kafin ruwa ya sauka. Da yamma na kira Yaya Isiya in tabbatar masa da zuwana. Layin yana yankewa, muryarsa a gajiye. Abin da na iya ji shi ne, komai ya kusa kammala, ni kaɗai ake jira. Na ɗauka abinci yake nufi, har na ce kada su wahalar da kansu. Na kwana a ɗakin baƙi na wani ɗan'uwan Ilu, a kan tabarma a waje saboda zafi.

Laraba: Zango, Baure, Babban Mutum

Ƙarfe bakwai na samu motar Baure, mu da buhunan gero biyu da akuya a but. Da yake hanyar tana bin gefen iyakar ƙasa, mun tarar da shinge sau biyu. A na biyun wani jami'i ya ga jakata ya ce in buɗe, cikin ladabi. Ya ce in nuna masa abin da ke cikin kyamarar. Na fara matsawa: tubali, tubali, danga, ƙasa, gindin rumbu. Ya kira abokin aikinsa. Suka tambaye ni dangar ta wace ce, me ke bayanta, kuma me ya sa na ɗauki ƙasa. Na ce layi nake nema. Suka ce layin me? Na ce layi dai, da kaushi. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita kamar ta wanda ya sha wani abu. Allah ya taimake ni na ci gaba da matsawa har muka iso kan dattijon Daura da tukwanensa shida, hannu a ƙirji. Jami'in ya yi ajiyar zuciya ya ce yawwa, ashe dai mai hoto ne. Ya miƙo mini kyamara ya ce in riƙa ɗaukar mutane, zai fi mini sauƙi.

Mun isa Baure takwas da kwata. Na jira mota ta cika har goma ta wuce, na gaji na hau babur. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na shiga Babban Mutum, shekara uku rabona da garin. Tun daga bakin hanya ake yi mini sannu da zuwa, kowa ya san me ya kawo ni, har wata tsohuwa ta ce Allah ya yi mini albarka da zan fitar da gidanmu a Kano.

Ina karyo kwanar lungunmu na ga ƙofar gida an share ta fes, an yayyafa ruwa. Mutanen gidan a jere, manya da yara, kowa da kayan Sallah. Yaya Isiya a gaba da farar riga, yana murmushi, yana ɗan dafe ƙugu. A gefen zaure ga ragowar kwaɓaɓɓiyar ƙasa an rufe da buhu, ga tulu, ga tsani. Ban tsaya gaisawa yadda ya kamata ba, na kutsa cikin zauren.

Ƙamshin ɗanyar ƙasa ya dake ni. Bango huɗu, daga ƙasa har azara, an yi musu sabon yaɓe. Babu tsagewa, babu baƙin hayaƙin fitila a saman alkuki, babu inda kafaɗar Baba ta goge bango wurin zamansa. Na shafa, wani gefen ma bai gama bushewa ba. Yaya ya shigo bayana yana ba ni labari da jin daɗi. Tun daren Lahadi ya sa aka jiƙa ƙasa, Litinin da asuba ya fara, shi kaɗai, don bai yarda wani ya taɓa zauren Baba ba. Jiya bayan magariba ya gama. Ya nuna mini tafin hannunsa duk ya tsattsage.

Ni dai ban san lokacin da maganar ta fita ba.

"Yaya, ka binne Baba sau biyu."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya sake dubana.

"Kai ka ce za a kafa shi a Kano jama'a su gani," ya ce a hankali. "In bari a ga zauren mahaifinmu a tsage, a ce ya bar 'ya'ya ba su iya riƙe masa gida ba?"

Na ce tsagewar nake so, sawun hannunsa nake so. Ya ce to me ya hana ni faɗa? Kwana biyu ina kallon mutane suna goge tukwane, suna warware tabarmi, suna neman fenti, ban taɓa kawo wa raina cewa yayana ma mutum ne irinsu ba, kuma ni na ba shi kwana uku cur. Garin gyaran gira an rasa ido, amma wa ya yi gyaran, wa ya jawo, na kasa rabewa. Haushinsa nake ji, haushin kaina ya fi, ga kunyar maganar da na yaɓa masa a gaban iyalinsa. Ya juya ya fita.

Na fito na ɗauki mutanen gida hoto, tunda sun yi ado, ina cewa a matso a yi murmushi, muryata kamar ba tawa ba. Yaya bai shiga ba, ya ce bayansa yana ciwo. Aka kawo shinkafa da zabuwar da aka yanka domina, na ci loma uku. Bayan azahar na koma zauren na zauna a ƙasa ni kaɗai, ina tunanin in bi motar yamma in koma. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ƙofar zaurenmu yamma take kallo. Bayan na dawo daga sallar la'asar na shiga ɗaukar jakata, wajen biyar saura kwata, rana ta sunkuyo ta shigo ta ƙofar tana shafar bangon hagu ta gefe. Bangon da na gani sumul da tsakar rana ya tashi, kamar tubalan Zango. Layuka a lanƙwashe, wani kan wani har sama. Na matsa kusa, na ƙirga. Huɗu. Na matsa gaba na ƙirga wani. Huɗu. Na bi bangon har kusurwa ina ƙirgawa kamar yaro, ban samu biyar ko sau ɗaya ba.

Na fara tunanin ko yaɓen ne bai yi kauri ba, na Baba ya fito ta ƙasa. Na sa farce na gwada, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Na leƙa na kira Yaya, yana zaune a gindin darbejiya ya juya wa gidan baya. Ya zo ba don ya so ba. Na ce ya miƙo hannunsa na dama. Yatsu biyar, lafiyayyu, duk a miƙe. Na yaye buhun nan na ɗebo ragowar ƙasa, na roƙe shi ya ja mini sau ɗaya a jikin katangar waje. Ya ce wani sabon wulaƙancin ne? Na ce don Allah.

Ya karɓa, ya mara a bango, ya ja. Yana fara ja, ƙaramin yatsansa ya naɗe da kansa ya koma cikin tafi.

Na ce, "Yaya, dubi yatsanka."

Ya duba. Ya daɗe yana kallon hannun kamar na aro ne. Ya sake ɗebo ƙasa ya ja, wannan karon yana sane, yana ƙoƙarin miƙe yatsan, layin ya karkace ya lalace. Ya sake ja yadda ya saba, huɗu suka fito.

"Shekara talatin da biyar ina yaɓe," ya ce, "ban taɓa lura ba. Hannuna Baba yake kamawa ya ɗora nasa a kai, mu ja tare. Na ɗauka haka ake yi."

Ya zauna a kan tsanin da ke kwance, hannun da laka a kan gwiwar farar rigarsa, bai damu ba. Na tsuguna na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa. Ya ce in bari, in yi sauri rana za ta faɗi. Na shiga na ɗauki bangon. Minti ashirin hasken ya yi ya tafi.

Alhamis: komawa gida

Na kwana a zauren. Da safe Yaya ya rako ni bakin hanya da ƙullin gyaɗa da kuka, ya ce in na wanke hoton in aiko masa da ɗaya, babba. Na tambaye shi na mutanen gida ko na bango? Ya ce na bango. Ƙarfe takwas saura na hau mota ta hanyar Ɓaɓura, wadda da na bi tun ranar Litinin da na tarar da rabin zauren ba a taɓa ba. Na yi wannan lissafin a mota har na gaji na bari. Mun tsaya Dambatta shan mai, sha ɗaya da rabi ina ƙofar gidana.

Saude ta karɓi kyamara tana dubawa, ta wuce tubali da danga da sauri, ta yaba dattijon tukwane. Da ta zo kan bangon ta tsaya, don ta san zauren tun tana amarya. Ta ce Allah ya jiƙan Baba, hannunsa kamar jiya ya yi. Na buɗe baki zan gyara mata, na rufe.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Sani da iyalinsa, da Ilu, da dattijon tubali wanda ko sunansa ban tambaya ba, da duk waɗanda suka goge kayansu domina na ƙi godewa a lokacin. Malama ta karɓi hotuna goma, ta ware na bangon ta ce in rubuta sunan maginin a ƙasa kafin a kafa. Takardar tana kan teburin shagona yau kwana shida. Na kira Yaya na tambaye shi sunan wa zan sa, nasa ko na Baba. Ya ce in bari tukuna, shi ma tun ranar yake kallon hannunsa.